Kamfanin da ya kwaso mu daga Abuja zuwa Jos, inda suka burge ni da inda suka gaza

Jama'a da dama sun turo min saƙo suna tambayar wai ya muka ƙare da kamfanin nan da ya ɗauko mana kaya daga Kubwa zuwa Jos, wasu ma cewa suke kawai in basu lamba. Toh bari in zauna in rubuta kowa ya karanta, dan amsa ɗaya bayan ɗaya ta fara min yawa. Sunan kamfanin ba zan kama ba, saboda akwai inda zan yaba musu akwai kuma inda zan faɗi laifinsu ƙarara, kuma ƙaramin kamfani ne na matasa, bana so rubutuna ya zama sanadin toshewar hanyar abincin wani. Duk wanda yake nema da gaske zai gane irin su, dan yanzu sun fara yawa a Facebook da Instagram.

Aikinsu ya wuce ɗaukar kaya a mota. Suna zama da kai ku yi lissafin ko tashin zai amfane ka, su nemo maka gida a Jos, su ɗaure kaya su kawo, idan kana so su haɗa ka da mai sola da makarantar yara. Kowanne da kuɗinsa daban, zaka iya ɗaukar wanda kake so ka bar saura. Ni duka na ɗauka banda maganar makaranta, wannan uwargida ce ta ce ita zata duba da idonta kuma tana da gaskiya. Sana'ata lissafin kuɗi ce, ina riƙe wa wasu shaguna da wani kamfani a Abuja littattafansu, yawancin aikin a laftof ne, sai ƙarshen wata nake buƙatar in leƙa da ƙafata.

Abin da ya fara jan hankalina a tallarsu wata kalmar Turanci ce da suka rubuta da manyan baƙi, geoarbitrage, ana furta ta kamar jiyo-abitiraj. A ƙasan tallar naga mutane suna ta tambaya wai ko sabon kirifto ne, wani ya ce 'yan damfara sun sake salo. Ba ko ɗaya. Kalma biyu aka haɗa. Gabanta daga Girkanci yake, yana nufin ƙasa wannan da muke takawa. Bayan kuma daga Faransanci, tushensa kalmar Latin mai nufin alƙali ko mai raba gardama, mutumin da zai duba ɓangare biyu ya yanke hukunci. Tun wajen 1704 aka ga wannan ta bayan, wato arbitrage, a littafin wani Bafaranshe da ya yi rubutu kan lissafin 'yan kasuwa, a lokacin tana nufin ɗan kasuwa ya auna farashin canjin kuɗi a garuruwa daban-daban ya ga inda ya fi masa riba. Daga nan ta zama sunan duk cinikin da ribarsa take fitowa daga bambancin farashin abu ɗaya a wuri biyu. Mu a Abuja ai mun ga wannan da idonmu, kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala a banki tana wajen naira 460, a Zone 4 wurin 'yan canji tana wajen 750, wanda yake da hanyar samun ta banki ya tsallaka titi ya sayar ya gama cin ribarsa ko zufa bai yi ba. Kakanninmu fatake ma da suke saro goro a Gwanja su kawo Kano abin da suke yi kenan, sai dai su sun sha wahalar hanya ta watanni.

Yadda akai kalmar ta tashi daga kan kaya da kuɗi ta koma kan mutum shi ne sabon abu. Kamfanonin Amurka da Ingila sun daɗe suna kwashe aikin amsa wayar kwastomomi suna kaiwa Indiya da Filifins dan albashi ya fi sauƙi a can, sai wasu suka ce toh me zai hana ma'aikaci shi ma ya yi wa kansa irin wannan dabara. Wani ɗan jarida na mujallar Forbes mai suna Rich Karlgaard yana amfani da doguwar sigar kalmar, geographic arbitrage, tun wajen 2004, yana magana kan Amurkawan da suke barin birane masu tsada irin su New York da San Francisco suna komawa ƙananan garuruwa a cikin ƙasarsu, aikinsu yana biye dasu ta intanet. Ku lura da wannan, tun farko maganar cikin gida ce, daga babban birni zuwa ƙaramin gari, irin tamu sak. Amma wanda ya yaɗa gajeriyar kalmar a duniya shi ne Tim Ferriss, a littafinsa na 2007 da ya yi kan yadda wai mutum zai riƙa aikin awa 4 kacal a mako. Shi nasa ya tsallaka iyaka, shawararsa ka samu kuɗinka da dala, ka je ka zauna a ƙasar da kuɗinta bai da ƙarfi, ka ɗauki mai taimaka maka da ƙananan ayyuka a Indiya ka biya shi kaɗan. Shi kansa ya zauna a babban birnin Ajantina, ƙasar da kuɗinta ya rushe a 2002, mai dala a lokacin sai abin da ya ga dama. Littafin ya yi kasuwa sosai, matasan Turai da Amurka suka ɗauki laftof suka cika Ciyang Mai a Tailan da tsibirin Bali, 'yan fansho kuma suka nufi wurare irin su Kuwenka a ƙasar Ekwado.

Korona ce ta ƙarasa buɗe ƙofar. A 2020 da aka rufe ofisoshi mutane suka ga ashe aikin yana yiwuwa daga falo, ƙasashe suka fara zawarcin irin waɗannan ma'aikata, Babados da Estoniya suka fito da biza ta musamman a shekarar, Fotugal ta biyo a 2022. Tun ma kafin korona, a 2018, a garin Tulsa na jihar Oklahoma ta Amurka aka fara ba mai aiki daga gida dala 10,000 idan ya yarda ya koma can da zama. Toh kun ji inda kalmar ta samo asali, kuma ina ganin ya kamata duk wanda zai biya kuɗinsa saboda ita ya san haka, dan kar a ruɗe shi da Turanci.

Ni dai da na gane ma'anarta sai naga ai rabin ma'aikatan Abuja sun daɗe a ciki. Tun da aka dawo da gwamnati daga Legas a Disambar 1991 ƙaramin ma'aikaci da wuya ya iya zama kusa da ofishinsa, yana karɓar albashi a Sakatariya yana kwana a Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja a jihar Neja, sai dai abin da ya rage a kuɗin haya cunkoson Nyanya yana karɓewa daga lafiyarsa da lokacinsa, mutum ya fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i 'ya'yansa basu ganinsa sai Asabar. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, sai wannan dabarar ma ta daina biya. Ga masu gidaje kowace shekara sai sun ƙara. Shi ya sa mutane irina suka fara kallon nesa.

Yanzu bari in shigo kan aikin kamfanin. Abin da ya fi komai daraja a wurina, kuma shi ne mafi arha a cikin ayyukansu, shi ne zaman lissafin farko. Na zata zasu fara min daɗin baki ne irin na dillalai, sai shugaban nasu, matashi ne ɗan Jos, ya buɗe kwamfuta ya ce min, "Yallaɓai, kafin mu karɓi ko sisi a hannunka, kuɗin da kake samu zai biyo ka Jos ko a Abuja zai tsaya?" Na ce zai biyo ni. Ya ce in samo hakan a rubuce daga waɗanda nake wa aiki, dan ya ga wanda ya tashi da iyali, bayan 'yan watanni oga ya ce kowa ya dawo ofis kullum. Wallahi wannan tambayar ita ce gaba ɗayan maganar. Ribar tana cikin tazarar da ke tsakanin inda kuɗi ke shigowa da inda suke fita, ranar da ka koma neman kuɗin a Jos ka zama ɗan Jos kamar kowa, arhar ta ɓace, dan arhar garin daidai take da abin da mutanen garin suke samu. Kuma masu ba da aiki ba barci suke ba, a 2020 mai Facebook da bakinsa ya faɗa wa ma'aikatansa cewa wanda ya koma gari mai arha za a daidaita albashinsa da inda ya koma. Babu abin da zai hana wani oga a Wuse ya yi irin wannan tunanin.

Sannan suka sa ni na lissafo komai, har abubuwan da mutum baya so ya tuna. Kuɗin motar zuwa Abuja duk wata, inda zan kwana idan aiki ya riƙe ni, kuɗin data idan na koma yin komai ta Zoom, kuɗin sola da batir, la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, canjin yunifom da littattafan yara, har da ziyarar 'yan uwa da zata ƙaru tunda mun matso kusa da gida. Da aka haɗa sai ya nuna min cewa shekarar farko kusan ba abin da zan ajiye, kuɗin tashi da na sola zasu cinye rarar, sai a shekara ta biyu zan fara ganin haske. Ni mai lissafi ne na duba ban ga inda ya yi coge ba. Ya ce min akwai ma'aikacin gwamnati da suka ba haƙuri suka ce kar ya tashi, tunda dole ya sa hannu a ofis kowace safiya, suka rasa cinikinsa suna gani. Mutumin da zai iya korar kuɗi daga hannunsa saboda gaskiya, ni na yarda dashi.

Neman gida nan ma sun yi ƙoƙari, kuma a nan ne baƙo ya fi buƙatar ɗan gari. Jos gari ne mai daɗi amma yana da tabonsa, rikicin Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010 sun raba unguwanni, mutanen da suka tashi tare suka koma kowa yana neman inda nasa suka fi yawa, abin baƙin ciki ne amma haka yake, kuma wanda zai kawo iyalinsa dole a faɗa masa. Basu ɓoye min ba, basu kuma zuzuta ba, basu zagi kowane ɓangare ba, cikin ma'aikatansu ma akwai Musulmi akwai Kirista kuma tare suka yi ta yawo dani. Suka bayyana min yadda Unguwar Rogo da Rikkos da Gangare da Ali Kazaure suke, cunkoso da kusanci da kasuwa da masallatai, yadda Rayfield take, shiru da faɗi da cakuɗuwar jama'a amma kuɗinta ya fara kama ƙafar wasu unguwannin Abuja, da Bukuru, da wajen Lamingo inda asibitin koyarwa yake. Suka ce in yi tunanin hanyar da zan bi zuwa makarantar yara da asibiti idan wata rana aka sa dokar hana fita. Ban taɓa jin dillali ya yi irin wannan maganar ba, su dillalai burinsu ka biya su karɓi kashi 10 ɗinsu su ɓace.

Akwai gida ɗaya da ya shiga raina sosai, sabo fil, kuɗinsa da sauƙi, su da kansu suka hana ni. Ashe bayansa akwai tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika, irin waɗanda Turawan ma'adinai suka bari birjik a Filato, a ido kamar tafki mai kyau amma zurfinsa ba wasa ba, kuma ina da yara ƙanana masu ƙiriniya. Wani gidan kuma suka sa muka tambayi maƙwabta ko rijiyar tana kaiwa watan Maris da Afrilu da ruwa, aka ce a'a sai an koma sayen na 'yan garuwa, dan garin kan dutse yake, ba ko'ina bohol ke samun ruwa da sauƙi ba. A kowane gida sai ɗaya daga cikinsu ya fito da wayoyi masu layuka daban-daban ya gwada sabis a falo da cikin ɗaki, ba a bakin ƙofa ba, ya nuna min. Ga wanda abincinsa ke kan intanet wannan ba ƙaramin abu bane. Daga ƙarshe muka samu ɗaki uku da falo da tsakar gida wajen hanyar Bauchi, mita mai kati tamu mu kaɗai, kuɗinsa bai kai abin da nake biyan ɗaki biyu a Kubwa ba, ya ɗan haura rabi kaɗan. La'ada kashi 10 suka karɓa kuma suka bani rasit, ba wani kuɗin ganin gida da ake tatsar mutum kafin a buɗe masa ƙofa.

Ranar kwasar kaya sun zo da wuri da motar ɗaukar kaya ƙirar kanta guda ɗaya da yara majiya ƙarfi, da kwalaye da igiya da tsofaffin barguna na naɗe kayan katako. Kowane kwali an rubuta masa lamba da ɗakin da ya fito, uwargida ta riƙe takarda su ma suka riƙe tasu. Sun girmama gida, sai da suka yi sallama aka basu izini kafin su shiga ɗakin matar gida, kayan kicin kuma suka bar ta ta nuna yadda take so a jera. Hanyar kowa ya santa, Keffi, Akwanga, a bi ta Forest a hau Hawan Kibo a faɗa Riyom sannan Jos, ƙaramar mota awa huɗu zuwa biyar idan hanya ta yi kyau, babbar mota da kaya kuwa sai a hankali. Sun ƙi yarda motar ta tashi da rana tsaka, suka ce ko dai da sassafe ko a bari sai gobe, dan basa so dare ya same su a Hawan Kibo, wanda ya taɓa ganin yadda tireloli ke kwanciya a wurin zai gane dalili. Direban dattijo ne mai haƙuri, duk inda suka tsaya sai an turo min inda suke ta WhatsApp. Kuɗin da ake kashewa a hanya yana cikin farashin da muka yi tun farko, ba wanda ya kira ni daga wani shinge yana cewa in turo ƙari.

Toh ga inda suka gaza. Da aka sauke kaya madubin sif ɗin uwargida ya tsage gida biyu, ƙafar teburin da nake aiki a kai ta karye, firij kuma ya samu lotsawa a gefe. Kaya a hanya irin wannan dole wani abu ya taɓu, ban yi mamaki ba, abin da ya ɓata min rai shi ne ashe basu da inshora ko kaɗan, kuma takardar da muka sa wa hannu bata ce komai ba kan wanda zai biya idan abu ya lalace. Sai aka koma "Yallaɓai a yi haƙuri, za mu duba." Teburin sun kawo kafinta ya gyara, madubin sai da na yi ta bibiya kafin aka canza, firij har yau yana nan yadda yake. Kamfanin da ya iya zama ya lissafa maka kuɗin yunifom ɗin yaranka bai kamata a ce ya manta da wannan ba, kuma sif ɗin nan kayan ɗakinta ne da iyayenta suka yi mata, ba abu ne da kuɗi kaɗai ke mayarwa ba.

Na biyu maganar sola. Su ba masu haɗawa bane, wani suke turo maka su karɓi nasu kason, kuma wanda suka turo min bai kai matsayinsu ba. An yi alkawarin kafin mu iso an gama, muka zo ko faranti ɗaya ba a ɗora ba, na koma neman wurin caji da zama a shagon wani ina tura wa mutane rahoton ƙarshen wata. Da ya zo kuma inbatar da ya kawo ba ita muka yi ciniki ba, ƙarama ce, sai da na nuna masa rubutun da ke jikinta na haɗa da na rasit sannan ya yarda ya canza. Da ace wanda bai iya duba irin wannan bane shikenan an cuce shi. Na faɗa wa shugaban nasu cewa duk wanda ka turo gidan mutum da sunanka, laifinsa naka ne, ya karɓi maganar bai yi musu ba, amma karɓar magana daban gyara daban. Shawarata wannan ɓangaren ku nemi mai solar ku da kanku, ku tambayi wanda ya riga ya haɗa a unguwar.

Zaman kansa kuma, abin da lissafinsu ya nuna kusan haka na tarar. Kayan miya da ganye arha suke sosai, ka shiga Farin Gada ka ga kabeji da karas da tumatir da koren wake da dankalin Turawa da ake kawowa daga Bokkos da Mangu, abin da ake auna maka da tsada a Abuja nan da kwando ake maganarsa, har sitiroberi yara suke ci a lokacinsa. Garin yana sama da mita 1,200 daga teku, dan haka esi ɗin da ke cinye mana katin wuta a Kubwa ko ɗaurawa ban yi ba, wanda yake layin wuta na Band A tun da aka kai yunit ɗinsa naira 225 a Afrilun 2024 ya san me nake nufi. Amma buhun shinkafa da gas da man mota da magani da data duk farashinsu ɗaya ne da na Abuja, wani abin ma da ake kawowa daga Legas ya fi tsada. Sanyin Disamba da Janairu kuma da gaske yake, sai da muka sayi barguna da rigunan sanyi da hita ta ruwa, wannan ma yana cikin lissafin da suka min.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya min a rai wanda na fi so masu irin wannan kamfani su ji. A wurin wani mai gida naji ɗaya daga cikin yaransu yana cewa "Baba, mutanen Abuja ne, ba zasu baka matsala wajen biya ba." Nan take naga fuskar dattijon ta canza, kuɗin da aka faɗa mana a waya ya ƙaru. Ni zan iya biya, amma malamin firamare da ke unguwar fa, ko ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, idan shekara ta zagayo mai gidansa ya ji abin da maƙwabcinsa ya karɓa a hannun ɗan Abuja me kuke zato zai faru? Wannan ɓangaren ne masu tallar kalmar basa faɗa. A Lizbon, babban birnin Fotugal, 'yan gari sun yi ta zanga-zanga kan kuɗin haya, a babban birnin Meziko ma a watan Yulin 2025 mutane sun fito titi suna kuka da baƙin da ke karɓar albashi da dala suna ture su daga unguwannin da aka haife su. Mu bamu kai can ba, yawanmu bai kai ya girgiza Jos ba tukuna, amma hanyar ɗaya ce, kuma garin da babbar kasuwarsa ta Terminus ta ƙone tun 2002 mutanensa suke ta fafutukar miƙewa bai kamata mu zo mu ƙara musu nauyi ba. Na ƙi karɓar wancan gidan saboda haka. Na kuma roƙi shugaban ya hana yaransa sayar da mu da sunan Abuja, su yi ciniki a farashin gari, ya ce zai yi magana dasu. Mu ma da muke zuwa akwai namu, ka sayi kayanka a shagon unguwa, ka ba telan unguwa ɗinki, ka shiga cikin jama'a a gaisa a yi jana'iza da suna da kai, kar ka rufe get kana cin arhar garin kana kallon mutanensa daga nesa.

Wanda yake tambayata ko ya neme su, idan aikinka na laftof ne ko kasuwancinka baya buƙatar ka tsaya a kai kullum, je ka yi zaman lissafin nan ko da ba zaka tashi ba, kuɗinsa kaɗan ne. Neman gida ma ka basu. Kwasar kaya ka basu amma kar ka sa hannu sai an rubuta ƙarara wanda zai biya abin da ya fashe da kuma cikin kwana nawa, ka ɗauki hoton firij da talabijin da kayan katako ta kowane gefe kafin a ɗora a mota, abin da yake da tarihi a gidanka irin kayan ɗakin matarka ko takardun makaranta ka saka a motar da zaka shiga da kanka. Kuɗin kuma kar ka biya duka a Abuja, ka riƙe wani kaso sai an sauke an ƙirga kwalaye a gabanka, ni sun yarda da haka da na nema, dan haka ku ma ku nema.